Bututun ƙazanta da ya fashe a Tudu, Accra, Ghana: muhawarar zauren 'yan unguwa

Alhaji mai shagon yadi: Assalamu alaikum. Yau kwana tara ke nan da bututun ruwan ƙazanta ya fashe a ƙofar shagona da ke Tudu. Ma'aikata sun zo da sunan gyaran gaggawa, suka haƙa rami, suka kewaye shi da jan ƙyalle, suka tafi. Baƙin ruwa yana malala har gindin teburin mai waake, kuma duk macen da ta zo taya atamfa sai ta toshe hanci da mayafi ta wuce. Na rantse da a Cantonments, unguwar masu hali, ne da ba a kwana ba a gyara ba, amma da yake mu 'yan zango ne, ko oho.

Hajiya daga Nima: Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya kawo sauƙi, amma ku daina kiran Tudu zango, domin kasuwa ce. Wanda yake da bututun da zai fashe ai ya ji daɗi. Mu a Nima babbar kwata ce a buɗe take ratsa mu har ta zube a kogin Odaw, kuma a bakinta muka yi wayo, muka aurar da 'ya'yanmu.

Malam daga Sabon Zango: Hajiya, a yi hattara da tarihi. Hausawa sun zauna a tsakiyar Accra, wajen da ake kira Zongo Lane, tun Nima tana daji, kuma daga can ne Malam Bako ya tashi da jama'arsa ya kafa Sabon Zango. Ƙin kiran wurin zango tamkar mutum ya ce bai san gidan kakansa ba ne.

Hajiya daga Nima: Malam, ban zo karatun tarihi ba. Zango shi ne inda ake bin layin bayan gida na haya da asuba da kuɗi a hannu. Ku da kuke maƙwabtaka da tafkin Korle, me tsufan unguwarku ya tsinana muku ban da sauro?

Wani ɗalibi: Iyayena, ku gafarce ni. Ruwan Nima da na tsakiyar gari duk a tafkin Korle suke haɗuwa kafin su shiga teku, kuma ƙaramin ɓangare ne kawai na Accra yake haɗe da bututun ƙazanta na ƙarƙashin ƙasa. Mun ga kwalarar 2014, mun ga ambaliyar 3 ga Yuni, 2015 a shataletalen Kwame Nkrumah Circle. Da mun rubuta takardar koke guda...

Malam daga Sabon Zango: Yaro, bari manya su gama. Hajiya, maganar sauro ku janye ta.

Hajiya daga Nima: Ba zan janye ba, sai an janye cewa Nima daji ce.

Shugaban zaure: Jama'a, ya isa haka. Abin da na fahimta shi ne, kowa ya yarda Tudu tsohon zango ne kamar yadda Malam ya tabbatar da hujja, kuma ni ma da aka haife ni a Sabon Zango haka na ji daga bakin mahaifina. Hajiya ta yi zafi, muna ba ta haƙuri. An rufe wannan magana.

Alhaji mai shagon yadi: Shugaba, ramin fa yana nan, kuma ɗazu da la'asar akuyar maƙwabcina ta faɗa ciki.