Wa ya fi laifi a Salem, Abigail ko alƙali?

Malam Sani: Assalamu alaikum jama'a. Tunda yawancinmu mun gama karanta wasan kwaikwayon The Crucible na Arthur Miller, ga magana. Ga wanda bai karanta ba: garin Salem ne na Massachusetts, shekarar 1692. An kama 'yan mata suna rawa a daji da dare, don gudun bulala suka ce mayu ne suka kama su, suka shiga kiran sunaye, kotu kuma ta shiga rataye mutane. Kowa Abigail Williams, jagorar 'yan matan, yake tsine wa. Ni kuwa na ce ba ita ce babbar mai laifi ba. Danforth ne, mataimakin gwamnan da ya hau kujerar shari'a. Bismillah.

Nafisa: Haba Malam! Yarinyar da ta sha jini don matar John Proctor ta mutu ta samu mijin? Tana zaune kusa da Mary Warren, 'yar aikin gidan Proctor, a kotu ta ga ta soke allura a cikin 'yartsana, da dare ta caka wa kanta allura a ciki ta ce Elizabeth matar Proctor ce ta turo mata. Wannan ba ruɗewar yarinta ba ce, shiri ne. Sauran 'yan matan ma barazana ta yi musu cewa duk wadda ta buɗe baki za ta gamu da ita cikin dare.

Barista Hauwa: Ƙanwata, ba wanda ya wanke Abigail. Amma maƙaryata ai kullum suna zuwa kotu, don su aka ajiye alƙali. Ki koma kashi na uku ki ji hujjar Danforth: wai maita laifi ne da ido ba ya gani, shaidunsa biyu ne kacal, mayya da wadda aka kama, kuma tunda mayya ba za ta tona kanta ba, maganar 'yan matan ce abin riƙo. Daga nan ya ce bai ga amfanin lauya ba. To wanda ake tuhuma ta ina zai fita? Francis Nurse ya kawo takarda da sa hannun mutum 91 masu shaidar cewa matan nan mutanen kirki ne, sai aka ba da umarni a kamo su duka a yi musu tambayoyi. Wanda ya amsa laifin ƙarya ya tsira da ransa, wanda ya tsaya kan gaskiya a rataye shi. Abigail ba ta da igiya, ba ta da kurkuku, ba ita ke sa hannu a takardar kisa ba.

Nafisa: Anti, shi ya yarda da abin da yake yi. Ita kuwa ta san ƙarya take. Mai kuskure da mai ganganci ba ɗaya ba ne.

Barista Hauwa: Har kashi na uku zan iya ba ki wannan. A na huɗu fa? Fasto Hale ya roƙe shi ya yi afuwa, Fasto Parris kawun Abigail ya roƙi a ɗaga kisan, ya ce ba zai yiwu ba tunda an riga an rataye mutum 12 kan laifin. Wato jinkiri zai sa a yi shakkar hukuncin baya. A nan martabar kujerarsa yake karewa, ba gaskiya ba.

Auwalu: Duk kun bar mai kuɗin yana shan iska. Thomas Putnam fa? Giles Corey ya faɗa a gaban kotu cewa Putnam ne ya sa 'yarsa ta kira sunan George Jacobs, don in an rataye shi gonarsa ta fita kasuwa, kuma ba mai kuɗin sayenta sai shi. Aka ce Corey ya faɗi wanda ya ba shi labarin, ya ƙi, aka rufe shi. Tsoho ɗan shekara 80 da 'yan kai, aka riƙa jibga masa duwatsu a ƙirji don ya ce e ko a'a kan tuhumar maita da ake masa, shi kuwa yana cewa a ƙara nauyi har ya cika. Putnam ko ƙwarzane bai samu ba.

Hajiya Binta: Ni duk ba wannan ke ci mini tuwo a ƙwarya ba. Maza, ku taɓa Proctor mana. Abigail marainiya 'yar shekara 17 tana aikatau a gidansa, matarsa na kwance ba lafiya, ya neme ta. Da asiri ya tonu ita aka kora, ita garin ya ƙi ɗauka aiki, shi yana nan da mutuncinsa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuma tun kashi na ɗaya Abigail ta gaya masa da bakinta cewa ba wata maita, wasa ne kawai. Ya yi gum. Kwana takwas ana cika kurkuku da matan mutane, Elizabeth na cewa ya je Salem ya faɗa, yana ja da baya. Sai da aka sa wa tasa matar sarƙa sannan ya tashi.

Auwalu: Hajiya, ai ya biya da ransa. Ya tona kansa a bainar jama'a, a ƙarshe ya yaga takardar amsa laifin.

Hajiya Binta: Ya biya, ɗana, ban hana ba. Sarah Good da ke bara a gari me ta ci da aka fara da ita?

Kabiru: Bari in jefa tarihi, don Miller ya taɓa abubuwa. Abigail ta gaske shekararta 11 ko 12, Proctor kuwa ya kai 60, kuma zancen neman nan ƙirƙirar marubuci ce. Shi ya ɗora mata kishi don wasan ya samu abin juyawa. Danforth na gaske ma ba ya cikin kotun musamman da Gwamna William Phips ya kafa a watan Mayu na 1692. William Stoughton ne shugabanta, shi ya dage a karɓi shaidar ganin kurwa, wato yarinya ta ce siffar wance ta zo ta shaƙe ni alhali wancen tana gida. Rebecca Nurse, tsohuwa 'yar shekara 71, da farko an wanke ta, aka sa masu yanke hukuncin su sake dubawa, suka juya, aka rataye ta a watan Yuli. Mutum 19 aka rataye, ban da Corey da waɗanda suka mutu a tsare. Samuel Sewall, ɗaya daga alƙalan, ya nemi gafara a coci a 1697. Stoughton bai taɓa nema ba.

Nafisa: Yaya Kabiru, wasan muke muhawara a kai, ba kundin tarihi ba. A wasan, babbar yarinya ce mai hankalinta.

Malam Sani: To mu tsaya a wasan, Nafisa. Duba ƙarshen kashi na ɗaya da kyau. Abigail ta tura laifi kan Tituba, baiwar da Fasto Parris ya zo da ita daga Barbados, wannan nata ne. Amma me ya biyo baya? Parris ya ce zai zane ta har ta mutu, Putnam ya ce a rataye ta. Tituba ta durƙusa ta amsa. Nan take Fasto Hale ya kama hannunta yana lallashi, yana ce mata Allah ne ya zaɓe ta ta tsarkake garin, su wa ta gani tare da Shaiɗan? Putnam ma har jefa mata sunaye yake. Abigail na tsaye tana kallon yadda baiwa ta tashi daga bakin igiya ta zama abar lallaɓawa, sai ta miƙe ita ma ta fara kiran sunaye. Manya ne suka nuna mata hanyar. Miller kuma ya san irin ɗakin nan: wasan ya fito a 1953 lokacin farautar 'yan kwaminis a Amurka, a 1956 kwamitin majalisa ya kira shi ya nemi sunaye, ya ƙi bayarwa, aka same shi da laifin raina majalisa kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1958.

Hajiya Binta: Mu ma mun san irinta. Yaro na sambatun zazzaɓi, manya su zagaye shi suna "wa ka gani?" har ya kira sunan wata tsohuwa, a jawo ta a ce ta tsallake shi ta saki kurwarsa. Mai tambayar nan shi nake tuhuma.

Nafisa: Na ji, amma Mary Warren ta zo ta faɗi gaskiya a kotu, wa ya murƙushe ta? Abigail ce ta ƙirƙiro tsuntsu a rufin ɗaki, suka riƙa maimaita duk abin da Mary ta faɗa har ta haukace ta juya kan Proctor. Ba wani babba da ya koya mata wannan. Sannan ta fasa akwatin kawunta ta kwashe fam 31 ta gudu da Mercy Lewis.

Barista Hauwa: Yauwa, kin kawo mini da kanki. Wa Parris ya gaya wa labarin guduwar? Danforth. Babbar shaidarsa ta yi sata ta tsere, ya ji da kunnensa, ya zagi Parris da rashin tunani, kuma a safiyar nan ya sa aka fita da Proctor da Rebecca Nurse.

Nafisa: To su raba laifin, Anti, amma ban yarda a ba ta ƙaramin kaso ba.

Auwalu: Ku raba uku dai. Har yanzu ba wanda ya ba ni amsa kan gonar Jacobs.