Sakamakon OpenFOAM ya ƙi jituwa da awon lidar a gaban injin iska

Assalamu alaikum masana. Ina kwaikwayon raguwar gudun iska kafin ta iso farfelar injin iska, da RANS (lissafin matsakaicin kwararar iska), samfurin hargitsin iska na k-epsilon, a manhajar OpenFOAM. Faifan turawa (actuator disc) na sa a madadin farfelar, CT (ma'aunin turin iska a kan farfela) 0.8 daga jadawalin kamfani. D shi ne faɗin da'irar farfela.

A kan layin tsakiya, lissafin ya ba da raguwar kashi 8 cikin ɗari a nisan 0.5D gaban farfela, kashi 3 a 1D, daidai da ka'idar silindar guguwa (vortex cylinder). Amma lidar (na'urar auna gudun iska da hasken laser) da ke kan injin, matsakaicin minti 10, kashi 5 kawai yake nunawa a 0.5D. Na ƙara ƙanƙanta ramukan ragar lissafin (mesh), na faɗaɗa fagen lissafi, giɓin bai motsa ba.

Zargina na kan yadda nake kwatantawa. Lidar ba ya auna ɗigo guda. Gudun da ke bin layin haskensa yake gani, an gauraya shi a tsawon mita da dama, kuma haskokinsa huɗu sun karkace digiri 15 daga tsakiya. Shin sai na gina lidar na bogi cikin lissafin, da irin nauyin awonsa, in kwatanta gudun layin haske kai tsaye?

Sai kuma gudun asali, wato gudun iska kafin injin ya rage shi. Na ɗauke shi a 2.5D bisa ƙa'idar awon aikin injin iska ta IEC 61400-12-1, alhali can ma iskar ta riga ta rage kusan rabin kashi ɗaya. A ina kuke ɗaukar naku? Kuma kuna tace bayanan bisa daidaiton sararin sama (atmospheric stability), ko kuna haɗa dare da rana?