Neman kalma: harsashin da maharbi ya haɗa da kansa, da gwajin saitinsa

Ummi Mai Fassara: Salamu alaikum jama'a. Agaji nake nema kafin gobe da azahar. An ba ni wani shirin wasanni in mayar da shi Hausa, a kan masu gasar harbin allo a Amurka, irin waɗanda ba sa sayen harsashin kanti, nasu suke haɗawa. Mutum ya ɗauki kwanson da aka riga aka harba, ya auna albarushi a sikeli, ya dasa sabon kai, sai ya tafi fili gwaji. Abu uku sun tsaya mini. Sunan aikin kansa, handloading. Sai group, wato ramukan da harbi biyar ya bari a jikin takarda. Sai accuracy da precision, waɗanda mai bayanin yake ta rarrabewa, ni kuwa duka biyun "daidai" ke zuwa mini. Mai ɗora murya yana Ikeja yana jirana.

Ɗan Agege: Anti Ummi, na farkon ai ɗuri ne. Maharba ɗura bindiga suke yi tun kaka da kakanni.

Baba Saje: A'a ɗana. Ɗuri na bindigar toka ne, ta baki ake zuba albarushi, a danna tsumma, a bi da dalma. Wannan da take faɗa, harsashin ake gamawa tun bai ga bindiga ba. In ta ce ɗuri kawai, mai sauraro zai hango mafarauci da karnuka. Na biyun kuwa mu a bariki gurufin muke cewa, gyaran saiti kuma ziro.

Injiniya Obalende: Hajiya, ki fara da na ukun, shi ne ƙashin bayan shirin. Ki ɗauki sikelin mai nama a Mile 12 wanda kullum kika ɗora kilo ɗaya sai ya nuna kilo ɗaya da giram ɗari. Ba ya sauya magana, amma ba gaskiya yake faɗa ba. Yana da precision, ba shi da accuracy. Mai gwada harsashi precision yake nema. Bai damu ramukan su faɗa tsakiyar allo ba, so yake su taru wuri ɗaya, ko da a gefe ne, don matso da su tsakiya aikin murɗa madubin bindiga ne, minti biyu an gama. Amma in suka warwatse, babu murɗin da zai tara su. Shi ya sa suke ɗora bindigar a kan teburi da buhun yashi, don a cire rawar hannun mutum daga lissafi, su kafa ƙyallaye a fili don ganin iska, su jira bututu ya huce tsakanin harbi, kuma abu ɗaya tak suke sauyawa a kowane gwaji. Faɗin ramukan ana auna shi ne daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami, tsakanin biyun da suka fi nisa da juna. Shawarata: group ki ce gungu, precision ki ce matsuwar gungu, accuracy ki ce samun saiti.

Ummi Mai Fassara: Gungu ya zauna mini, Allah ya saka da alheri. Akwai inda yake cewa gungun harbi uku yaudara ne, sa'a ma tana iya tara uku, sai an yi biyar ko goma kuma an maimaita. Da gungu jimlar ta fita sumul.

Malam Na-Zazzau: Gungu na yarda. Amma saiti? Saiti Hausa ce? Sight ce ta Turanci aka sa mata hula. Muna da bara. Maharbi ya yi bara, ya saki kibiya. Gurufin da ziro kuwa ba zan ma tanka ba, da girman Saje. Na farkon kuma, wato handloading, ga kalma na ƙera, bisa ƙa'ida: harsasantawa. Yadda muke da Hausantawa da sabuntawa. Ya harsasanta kwanso, ya mayar da shi harsashi. Maharsasanci, maharsasanta.

Ɗan Agege: Allah ya gafarta Malam, na gwada faɗin maharsasanta sau uku, harshena ya nemi hutu.

Mai Goro: Malam, wace barar? Ta almajiri, ko shekarar da ta wuce, ko baran gidan sarki? A rubuce duk ɗaya ne. Mai ɗora murya ya karanta "samun bara", ya zame a karin sauti, sai a ji Ba'amurke ya fita da ƙoƙo.

Malam Na-Zazzau: Laifin mai karatu ne, ba na kalma ba. Abin da ke damuna ke nan da Hausar Ikko. Yaro ya tashi tsakanin Yarbanci da Burokin, kunnensa ya daina rarrabe dogon wasali da gajere, sai a ce harshe ne ya gaza.

Ɗan Agege: To ga shi an zo wajen. Malam, Hausawa suna cinikin goro a Agege tun zamanin da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano, 1912 ke nan. Hausar da muka riƙe a tsakiyar Yarbawa ba a aji aka ba mu ita ba. Ku da kuke Arewa ba "fulis" da "lodin" kuke yi a waya ba? Mu ne kawai ake auna wa da mudu.

Hajiya Idi-Araba: Ku yi haƙuri ku duka, yarinya aiki gare ta. Amma Malam, tambaya ɗaya. Bindiga daga ina ta zo? Bunduƙiyya ce ta Larabci. Albarushi daga albarud. Harsashin da ka gina kalmarka a kansa, daga rasas ne, dalma. In aron Larabci ya halatta, me saiti ya yi?

Malam Na-Zazzau: Hajiya, waɗannan sun yi ɗaruruwan shekaru a gidan, sun haifi jam'i, sun shiga kirari. Saiti baƙo ne.

Hajiya Idi-Araba: Baƙon da ya haifi saita da saitawa? Mai gyaran rediyo ma saitawa yake yi.

Baba Saje: Tunda an taɓo albarushi, bari in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. 'Yan jarida kullum "an kama alburusai ɗari biyu". Albarushi gari ne, ba a ƙirga shi. Harsasai ake ƙirgawa. 'Yata, a shirin nan in kika gauraya su kin kashe zancen, don garin ake aunawa, harsashin ake harbawa. Kuma ki saka jimla ɗaya ta gargaɗi. Can Amurka wasa ne da doka ta yarda da shi. Nan dokar makamai ta 1959 ta hana mutum ƙera ko haɗa harsashi a gida. Aikin irin su masana'antar makamai ta DICON ta Kaduna ne, wadda aka kafa a 1964.

Ummi Mai Fassara: Na rubuta, Baba. Wannan ma shi ya sa na guji "haɗin gida". Kunnen mutane ya saba da "bindiga ƙirar gida" a labarin kamun 'yan fashi. Na gwada "haɗin hannu", sai ya koma kamar taron ƙungiya. Sababbi biyu kuma sun ɓullo: grain da MOA.

Injiniya Obalende: Grain ma'auni ne, kar ki ce ƙwaya. Guda 7,000 ke yin laba ɗaya, giram ɗaya kuwa ya ɗan haura 15. Kika ce ƙwaya, wani zai ɗauka ƙirga garin ake yi ɗaya bayan ɗaya, wani kuma hankalinsa ya tafi wata ƙwayar daban. Bar shi giren. MOA kusurwa ce, kashi ɗaya cikin 60 na digiri. A yadi 100 tana ba da inci ɗaya da ɗan ɗoriya, 1.047. A mita 100 kusan santimita 2.9. Bindigar da gungunta bai wuce haka ba ita suke yabo.

Malam Na-Zazzau: Daƙiƙar kusurwa. Kuma har yanzu ban ji aibin harsasantawa ba, ban da lalacin harshe.

Mai Goro: Daƙiƙa a rediyo sakan ce, Malam. Wata rigimar ka buɗo.

Ɗan Agege: Anti, ɗurin nawa fa? A ce ɗurin kwanso. Kwanson ake ɗurawa, ba bindigar ba. Baba, ya ka gani?

Baba Saje: Hmm. Da kwanson a jiki, ba laifi. Ya fi gurufin ɗina dai.

Ummi Mai Fassara: To ga abin da zan tura Ikeja: ɗurin kwanso, gungu, matsuwar gungu, samun saiti, giren. MOA zan bar shi yadda yake, in ce "kimanin inci ɗaya a yadi ɗari" a karon farko. Bara zan sa ta wuri ɗaya, inda maharbin ya kwantar da kunci a gindin bindiga, don can hoto zai raba gardama. Malam, a yi mini afuwa, harsasantawa ta fi ƙarfin sakan huɗun da jimlar take da su.

Malam Na-Zazzau: Ɗurin kwanso bayani ne, ba kalma ba. Amma tunda azahar ta matso, a tafi da shi. Saiti dai ban sa hannu ba.