Waranti da Hausa: ina neman kalma kafin Juma'a

Ɗan Agege: Salamu alaikum. An ba ni fassarar takardar da za a raba wa 'yan kasuwarmu bayan sallar Juma'a, kan haƙƙin mai saye idan kaya ya fito da matsala. Waranti ya tsaya mini a wuya. Me zan sa?

Mai Waya: Garanti mana. Mu nan Computer Village a Ikeja abin da ake faɗa ke nan. "Akwai garanti?" "Wata shida."

Hajiyar Idi-Araba: Ɗana, kada dai ka rubuta waranti. Tsofaffinmu in suka ji, sai su ɗauka 'yan sanda ne za su zo kamu.

Malamin Zango: Lamuni. Wanda ya lamunce maka abu ya ɗauki nauyinsa. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayanin mayar da haja saboda aibi, ba sai mun ari kalmar Bature ba.

Mai Waya: Allah gafarta Malam, je ka kasuwar Mile 12 ka ce lamuni, bashin banki za su ji.

Malamin Zango: Abin takaicin ke nan. Kun daɗe a Ikko har 'ya'yanku ba sa iya ƙirge sai da Turanci.

Mai Waya: Malam, aibi da fiƙihun ai daga Larabci muka aro su.

Malamin Zango: Wannan aro daban ne, yaro.

Lauyan Obalende: Ku dakata, abu biyu kuke haɗawa. Garanti alkawari ne da kamfani ko mai shago yake bayarwa, da wa'adinsa. Dokar kare masu saye ta 2018 kuwa ta ba mutum damar mayar da kaya mai lahani cikin wata 3, a gyara, a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa, ko da an buga "ba a mayar da kaya" a rasit. In mai shago ya ƙi, akwai hukumomin kare haƙƙin masu saye: FCCPC ta tarayya, da LASCOPA ta jihar Legas. Ka sa garanti kaɗai, mutane za su zaci wanda bai karɓi katin garanti ba ba shi da haƙƙi.

Ɗan Agege: Na gode, Barista. Zan sa "garanti" ga na kamfani, "haƙƙin mayar da kaya" ga na doka.

Malamin Zango: To a sa lamuni ko sau ɗaya ne, a kanun takardar.

Ɗan Agege: Malam, kanun na shugaban ƙungiya ne. Zan kai masa maganar.