Neman shawara: da me zan cike ramukan jikin jirgina kafin fenti?

Mai tambaya: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Wata uku ke nan ina haɗa ɗan jirgin ruwa na katako a bayan gidanmu nan Maradi, tsawonsa mita 4, da niyyar in kai shi tafkin Madarunfa in damina ta sauka. Jiki ya haɗu, amma in na shafa tafin hannu sai in ji wuraren ƙusoshi sun lotsa, ga tsaga tsakanin allo da allo, wani wurin har bakin wuƙa na shiga. Wani mai gyaran jikin mota ya ce in shafa mastik irin nasu, ga arha ga saurin bushewa. Hankalina bai kwanta ba. Don Allah ku taimaka, na sha wahala a kan jirgin nan.

Kafinta: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka kai mastik ɗin mota inda ruwa zai taɓa. Don ƙarfe aka yi shi. Katako kuwa in ya sha ruwa ya kumbura, in hunturu ya zo ya tsuke, shi mastik ba ya bin sa, kuma yana tsotsar ruwa. Na taɓa sa shi a ƙofar tsakar gida, damina ɗaya ya ɓamɓaro kamar ɓawon gyaɗa, har da fentin. Nemi efoksi, wato gam ɗin nan mai ƙarfi da ke zuwa a gwangwani biyu, ka haɗa daidai awon da aka rubuta a jiki, banda kintace. Ka tankaɗe garin katako da rariya, ka zuba har ya yi kauri kamar tunkuza. Fara shafa ruwan efoksin zalla a ramin, sannan ka danna kwaɓin. In ya ƙame, goge da takardar yashi lamba 80, ka bi da 120.

Masunci daga Madarunfa: Ɗana, ramin ƙusa daban, tsaga daban. Mu tsumman auduga muke cusawa a tsaga, mu bi da narkakkiyar kwalta, in jirgi ya kwana a ruwa ya matse kansa. Sai dai fenti ba ya zama a kan kwalta, baƙin na fitowa ta cikinsa. In kyau kake so, bi ta kafinta.

Mai fenti: Malam, ka kula da zafin garin nan. Da rana tsaka efoksi yana ɗaukar zafi ya daskare maka a cikin kwano. Kwaɓa kaɗan-kaɗan, da sassafe, cikin inuwa, ka sa safar hannu. Kafin ka goge, wanke shi da ruwa, don yakan fid da wani maiƙo da ke hana fenti kamawa. Kuma kada ka bar shi tsirara, rana tana cin sa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba masunci, tsagar da ke can ƙasan ciki ita ta fi faɗi, kusan kaurin ashana biyu. In cusa mata siririn katako kafin efoksin, ko audugar ta isa?