Wa ya taɓa noma a baƙar ƙasar firgi? Ku ba ni labari

Ɗan Gumel

Assalamu alaikum. Ni a ƙasar Gumel na tashi, jigawa zalla, inda in an yi ruwa da dare, da safe sai ka saɓi sungumi ka fita shuka. Bara aiki ya kai ni Gamboru Ngala, wani dattijo da muke masallaci ɗaya ya ba ni aron gona a bayan gari. Ƙasar baƙa wuluk, ina ganinta na ce wannan ai taki ne Allah ya shimfiɗa. Ruwan kirki na sauka a ƙarshen Yuni na zuba gero, yadda muka saba a gida. Ya tsiro, ya yi kyau kamar sati uku. Agusta na shiga ruwa ya kwanta a gonar ya ƙi tafiya, geron ya yi ɗorawa, ya ruɓe a tsaye. Ko dami ɗaya ban ɗaure ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a Fabrairu, ana tsakiyar rani, na ga maƙwabtana suna yankan dawa a irin wannan ƙasa, ba ruwan sama, ba injin ban-ruwa. Mai gonar mutum ne mai ƙarancin magana, ya dai ce mini sunanta firgi, kuma koyonta ake yi. Don Allah duk wanda ya zauna da ita, ya noma ta, ko ya yi gini a kanta, ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Baba na Ngala

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya mayar maka da alheri. Ba gonar ce ta cuce ka ba, lokaci ka kuskure. Mu damina ba lokacin shuka ba ne a firgi, lokacin shayar da ita ne. Tun kafin ruwa muke gyara kunyoyin da suka kewaye gona, mu toshe inda suka karye, don duk ɗigon da ya sauka ya tsaya a ciki. Ruwan nan da ya kashe maka gero, shi muke roƙon Allah ya ba mu.

Dawar da ka gani sunanta masakwa, kuma dasa ta ake yi kamar albasa. A Agusta za ka nemi ɗan tudu mai rairayi ka watsa iri, bayan kwana goma ka sake watsa wani a gefe, saboda ba ka san ranar da gona za ta tsane ba, gara a ce kana da ƙanana da manya. In ruwa ya ɗauke, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, sai a sare ciyawar da ta cika gona, a bar ta ta bushe, a cinna mata wuta. Daga nan sai aikin da ke karya baya. Mutum ɗaya yana gaba da sanda mai nauyi mai tsini yana huda rami, zurfinsa kamar taƙi, na bayansa yana zuba ruwa ɗan gwangwani a kowane rami, na uku yana sa dashe biyu da aka datse musu ganye da saiwa. Tsakanin rami da rami taku mai kyau, kada ka matse su, ruwan da ke ƙasa ba zai ishe su ba. Shi ke nan ruwan da za ka ba ta har girbi. Kwanakin farko za ka ga ta yi yaushi kamar ta mutu, kada hankalinka ya tashi. Sanyin hunturu yana taimakonta, saiwar tana bin danshi ƙasa. Janairu zuwa Fabrairu ka yanka.

Na yi shekara fiye da 40 ina wannan, in ka cire shekarun da rikicin Boko Haram ya kore mu zuwa Maiduguri. Da muka dawo, ƙaya ta cinye wasu gonakin, kunyoyi duk sun baje. Har yanzu akwai gonar mahaifina da ban taka ba, ta yi nisa da gari. Kai ma kada ka karɓi gona mai nisa komai kyanta, ka tambayi mutanen gari iyakar inda ake zuwa.

Direban Dikwa

Ni ba manomi ba ne, amma na san ta ta ƙarƙashin taya. Da rani ka sauka daga kwalta ka bi ta kanta kamar siminti, sai dai girgiza saboda tsagogi. Ruwa ɗaya, Malam, ruwa ɗaya tak, in ya same ka a kanta ka kwana. Ba nutsewa kawai ba, danƙo ne, laka tana naɗe taya har ta cika wurin ta daina juyawa. Na taɓa kwana 3 da lodin wake tsakanin wasu ƙauyuka biyu, sai da aka sauke buhunan duka. Rann kuwa, a ƙasar Kala-Balge, in damina ta yi nisa mota ba ta zuwa, kowa a nan ya sani.

Malamin Gona

Baba ya gama magana a kan aiki, ni zan ɗan ƙara dalili, don na yi shekaru ina haƙa ramukan gwaji a ƙasashen Marte da Dikwa.

Duk filin nan ƙasan tafki ne a da. Shekaru dubbai da suka wuce Tafkin Chadi ya kai har inda Maiduguri da Bama suke a yau, kuma dogon tudun yashin da ya ratsa garuruwan biyu shi ne tsohon bakin gaɓarsa. Laka mafi laushi ita ce ta kwanta a wuraren da ruwa ya daɗe yana tsaye, shi ya sa filin yake shimfiɗe ba gangare, ruwa ba shi da inda zai gudu. Sau da yawa fiye da rabin ƙasar yumɓu ne, kuma irin yumɓun da ke kumbura in ya sha ruwa, ya tsuke in ya bushe. A Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, na sha zura sanda ta shige kusan mita 1 a tsaga, wata tsagar hannuna yana shiga. Ruwan farko ta nan yake zurarewa can ƙasa. Da ƙasar ta kumbura sai tsagogin su rufe, abin da ya shiga ya shiga, na sama kuma ya kwanta. Ruwan shekara a wannan yanki bai fi milimita 500 zuwa 700 ba, kusan duka daga Yuni zuwa Satumba. A jigawarku wannan ruwan wucewa yake yi. A firgi ajiye shi ake yi, masakwa ta ci da rani.

Ɗan Gumel, gyara ɗaya: baƙin nan ba taki ba ne. In an auna, ruɓaɓɓen ganye da ke cikinta kaɗan ne, launin daga yadda ɗan kaɗan ɗin ya haɗu da yumɓun yake. Tana riƙe sinadarai da kyau, amma tana yawan ƙarancin abin da yuriya ke bayarwa. Duk da haka kada ka watsa yuriya a kan masakwa bayan dashe, ba ruwan da zai narkar da ita, kuɗinka ne zai bi iska. In ka haƙa ka ga 'yan fararen tsakuwoyi, farar ƙasa ce ta dunƙule, ba matsala. Kuma ka lura da itatuwa: inda dushe ya yi yawa, da aduwa jefi-jefi, kana kan firgi.

Uwargida a Dikwa

Ku maza kuna ta gona, mu kuma gida. Aure ya kawo ni daga Azare. Shekarar farko na ga bangon ɗakina ya dare daga sama har ƙasa da rani, na ce a kira magini. Uwar mijina ta ce in jira damina. Ruwa na sauka tsagar ta matse, ƙofar da take rufuwa lafiya kuma ta fara cijewa. Haka muke har yau. Da damina takalmi ba ya amfani, a hannu ake riƙe shi, kuma mai ciki in wata ya kusa gara ta matso cikin gari tun da wuri. Abin da na yaba shi ne, masakwa tana shigowa daidai lokacin da hatsin kaka ya fara ja baya a rumbu. Fara ta fi daɗin tuwo, garinta yana da auki. Karanta kuma da sauran ɗanye a Fabrairu, awakina ba sa barin ko ɓawo.

Magini

Hajiya, abin da kika gani shi ne ciwon kanmu. Ƙasar tana ɗaga harsashi da damina ta sake shi da rani, kuma ba daidai take ɗagawa ba, gefen gini ya fi tsakiya motsi. Na yi aiki a wajen Numan ma, akwai irinta a can. Abin da muke yi, a kwashe baƙar a zuba jar ƙasa a daddaɓe, a ɗaure harsashi da rodi ya zama abu ɗaya, a yi daɓe kewaye da gini don ruwan indararo kada ya shiga gindin bango. Wanda ya ce zai rage kuɗi a nan zai biya sau biyu. Mutanen da ba su yi wauta ba da suke kafa gari a kan tudu. Tudun Daima da ke kusa da Ngala, wanda masanin kayan tarihi Graham Connah ya haƙa a 1965 da 1966, ƙauye ne a kan ƙauye, ya taru tsawon ƙarnoni a tsakiyar wannan laka.

Ɗan Marwa

Gaisuwa daga Kamaru. Abin da kuke kira firgi mu a nan Fulani suna ce masa karal, dawar kuma muskuwaari. A Chadi berbere suke cewa, mutanen Salamat sun shahara da ita. Muna da iri-iri, safraari mai ruwan ɗorawa, majeeri fara, burguuri wadda tsuntsu bai cika so ba saboda ɗacinta. Baba, a gafarce ni, akwai inda muka bambanta da ku. Yawancinmu yanzu mun rage saran ciyawa da adda, feshi muke yi kafin dashe, saboda kuɗin 'yan ƙwadago ya fi ƙarfinmu kuma kwanakin dashe ba sa jira. Ya sauƙaƙa aiki, ban musa ba. Amma a gonata na lura ciyawar da muke ƙonawa da tana rufe ƙasa, yanzu wasu wurare sun zama fako, ruwa ba ya shiga. Na koma yin ƙananan kunyoyi murabba'i a ciki, shekara 2 ke nan, wurin ya fara tsagewa kuma. Ƙasar da ta daina tsagewa ita ce abin tsoro.

Baba na Ngala

Gaskiyarka, ɗan'uwa. Mu ma yara sun fara feshin. Ni dai ban saba ba.

Ɗan New Marte

Kada a manta firgi tana yin alkama da shinkafa in akwai ruwa. A New Marte na girma, mahaifina yana cikin manoman babban aikin ban-ruwa na kudancin Tafkin Chadi, wanda aka tsara zai kai hekta 67,000, ana jawo ruwan tafki ta babbar magudanar Kirenowa. Ina yaro na ga alkama iya ganinka. Sai tafkin ya ja baya. Ruwan da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya koma ɗan kaɗan bayan farin shekarun 1970 da 1980, magudanar ta bushe. Mahaifina ya koma masakwar da kakansa ya yi, ita ta riƙe gidanmu. Shawarata ga mai tambaya, in gonarka tana riƙe ruwa har gwiwa a Agusta, gwada shinkafa a kwarin, masakwa a inda ya fi saurin tsanewa. Ka kuma shirya wa tsuntsayen jan-baki, in suka sauko a Janairu sai an kwana a gona ana kora.

Bahaushen Sudan

Ina karantawa kamar ana ba da labarin gidanmu. Ni jikan mutanen Mai Wurno ne, a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Ƙasar Jazira ma haka take, laka mai tsagewa, kuma saboda ba ta tsotse ruwa ne magudanun da aka haƙa bayan gina madatsar Sennar a 1925 suke kai ruwa nesa ba tare da siminti ba. Kakanninmu da yawa auduga suka tsinta a can. A Gadarif kuma dawa da riɗi ake yi da ruwan sama, da tarakta. Abu ɗaya da muka sani: kwanakin da za ka iya shiga da garma kaɗan ne. Yau ta yi tauri kamar dutse, jibi ta yi caɓi, tsakaninsu ne aikinka.

Ɗan Gumel

Allah ya saka da alheri, na karanta kowanne sau biyu. Jiya bayan la'asar na koma gonar da fartanya, na zagaya, na samu kunyar gabas ta karye wuri 4, ta nan ruwan maƙwabcina ya yi ta shigowa yana fita bara ban sani ba. Zan fara toshe su wannan satin tun ƙasa na bushe. Mai gonar ya yarda ya ba ni gefe a tudun da yake renon irinsa. Baba, saura tambaya ɗaya: gonar ta kai kamar hekta 1, ni da yara biyu ne. Mudu nawa na iri zan watsa, kuma a ina kuke ɗebo ruwan zubawa a rami in kududdufin kusa ya ƙafe kafin mu gama dashe?