Giyar bita ta farko ta fito da warin asibiti

Ɗan Bukuru: Sannunku da gida, iyaye da yayye. Agaji nake nema. Watan jiya na dafa giyar bita irin ta Ingila, lita 23, da tsiron sha'ir zalla, ban sa tataccen ruwan tsiro na gwangwani ba. Jiya na buɗe kwalba ɗaya. Launi kamar zuma, amma wari sai ka ce yanzu aka goge ɗakin asibiti, ga zaƙi har yana ƙosarwa. Uwargida ta kurɓa sau ɗaya ta ce in juye a bayi. Me zan saya, me zan bari?

Kawun Manchesta: Da wane ruwa ka dafa?

Ɗan Bukuru: Na famfo, Kawu. Kudancin Landan nake.

Kawun Manchesta: Ga ɓarawonka nan. Kulorin ɗin da ke cikin ruwan famfo ne ke kawo wannan warin. Nemi ƙwayar Campden mai kashe kulorin, ka murƙushe rabi ka zuba a ruwan gaba ɗaya kafin ka kunna wuta. Da me ka wanke bokitin?

Ɗan Bukuru: Da bilic.

Kawun Manchesta: Ashe ɓarayin biyu ne, ɗaya ma kai ka buɗe masa ƙofa. Bar bilic a bayi. Sayi Star San, maganin kashe ƙwayoyin cuta a kayan dafa giya, ba ya buƙatar ɗauraya.

Baban Tagwaye: Kawu ya faɗi gaskiya, sai dai bai san wahalar ruwan kudu ba. Su a Manchesta ruwansu daga tafkunan arewa yake zuwa, irin su Thirlmere, mai laushi. Kai kuwa leƙa cikin butar shayinka. Wannan farin ɓawon da ya kama gindinta, alli ne. Irin ruwan nan ya fi dacewa da baƙar giya. In aka dafa mai haske da shi sai ɗacin ya fito da kaushi, ya tsaya a maƙogwaro. Ko ka karya shi da ruwan CRS mai rage alli da ake sayarwa a shagunan masu dafa giya, ko ka surka da ruwan gora marar gishiri sosai. Sannan ƙaramin cokali ɗaya na jifsam, wani farin garin ma'adini. Sunan da garin Burton na Ingila ya yi a kan irin wannan giya, daga jifsam ɗin rijiyoyinsa ne.

Maman Ladi: Ku bar yaron ya numfasa. Ɗana, ruwan jiƙon tsiron nan, zafinsa nawa ne?

Ɗan Bukuru: Mama, ban auna sosai ba. Ina jin ya haura digiri 70.

Maman Ladi: To zaƙin daga nan ne. A gaban kakata na tashi, kuma burkutunta har daga wasu ƙauyuka ake zuwa sha. Ita ke jiƙa dawa, ta shimfiɗa ta rufe da ganye har ta tsira, ta shanya, a kai niƙa. Ba ta taɓa riƙe ma'aunin zafi ba, da ido da yatsa take aiki. Amma burkutu tsami ake so ya yi, kwana biyu an shanye. Bita ba ta yafe irin wannan. Tsaya a digiri 66, awa ɗaya cur. In ya kai 70, irin sukarin da yis ba ya iya ci ne zai yi yawa, sai giya ta nuna ta bar maka zaƙi. Ka kai ruwan 72 ko 73 kafin ka juye tsiron, shi da kansa zai sauke zafin. Rufe tukunyar, ka naɗe ta da tsohon bargo, kada ka dinga buɗewa kana leƙe. Ma'aunin zafi mai kyau shi ne farkon abin da za ka saya.

Baban Tagwaye: Tsiron kiristal, wannan gasasshen mai zaƙi, nawa ka zuba?

Ɗan Bukuru: Giram 600. Na ga yana ƙamshin alewa.

Baban Tagwaye: Haba! Alewar kuwa ka dafa. Ga nawa na lita 23: tsiron sha'ir na Maris Otter kilo 3.8, kiristal giram 200, shi ke nan. Maris Otter ɗin tun shekarun 1960 ake nomansa a nan, kuma yana da ɗanɗanon biskit da kansa, ba ya neman ado. Furen hof, mai ba giya ɗaci da ƙamshi: Challenger giram 25 da fara tafasa, East Kent Goldings giram 25 saura minti 10 a sauke. Tafasa awa ɗaya. Haidiromita, ma'aunin sukarin ruwan, ta nuna maka kusan 1.040 kafin yis, ta sauka kusan 1.010 in ta nuna, ka sami giyar da ƙarfinta bai cika kashi 4 cikin ɗari ba.

Yaya Talatu: Ni hof ɗin Fuggles nake sawa a ƙarshe, ina son ƙamshin ƙasar nan da yake da shi. Amma ka shinshina kafin ka zuba. Wani shago ya taɓa sayar mini da wanda ya tsufa, na buɗe leda sai warin tsohuwar safa, furen ya koma ruwan ƙasa. Na ce bari dai in gwada, kuɗina ne. Lita 23 suka bi rariya. Sayi wanda aka zuƙe iskar ledarsa, mai shekarar girbi a jiki, ragowar ka sa a firiza.

Ɗan Bukuru: Yis fa? An ce in sayi na ruwa.

Kawun Manchesta: S-04, busasshe, fakiti ɗaya. Yana gama aiki ya kwanta a gindin bokiti.

Baban Tagwaye: Ni Nottingham zan ba wanda zaƙi ya dama, ya fi cinye sukari.

Kawun Manchesta: Ya fi cinyewa har da ɗanɗanon. Bita ai tana son ɗan ƙamshin 'ya'yan itace.

Maman Ladi: Shekara nawa kuna wannan gardamar? Ɗana, ɗauki ko wanne. Na ruwan nan, Wyeast 1968, yana da daɗi amma rago ne, yakan kwanta tun aiki bai ƙare ba, sai an girgiza bokiti. Bar shi sai ka goge. Muhimmi dai bokitin ya zauna tsakanin digiri 18 da 20. Kada in ji an jingina shi da hita.

Ɗan Bukuru: Ban ce komai ba, Mama. Injin nan mai yin komai da komai fa, in saya?

Yaya Talatu: Riƙe kuɗinka tukuna. Babbar tukunya da jakar tata sun isa: ka zuba tsiro a jaka, ka jiƙa, ka ɗaga ta tsane. Ranar ɗurawa a kwalba kuma sukari giram 60 ya wadatar, ba lemon kwalba kake yi ba. Kada ka sha ta daga firji kai tsaye, digiri 12 ake so. Tunda kana Landan, je ka nemi bitar London Pride wadda ake ja da famfon hannu, ko Landlord ta Timothy Taylor in ka dace, harshenka ya san inda ya dosa.

Kawun Manchesta: In ta yi daɗi ka ba maƙwabta kyauta. Tun 1963 aka daina neman lasisi a Ingila kan giyar da mutum ya dafa don gidansa, amma sayarwa wata magana ce.

Anti Saratu: Ni ba na sha, kun sani, shiru na yi ina karatu. Dusar tsiron nake so, kajina huɗu a bayan gida. Ka kawo ranar da ka dafa, in ta kwana tsami take yi.

Ɗan Bukuru: Asabar mai zuwa, Anti. Zan zo da ita a bokitin bilic ɗin nan, na sallame shi daga aiki.

Anti Saratu: Ka ɗauraye shi tukuna.